Buhun Kashin Awaki

"Kashin awaki?!" Gwaggo Dela ta saki bakin buhun. "Nuriyya, wanga shi na toshin da saurayinki ya aiko?"

Na leƙa. Wallahi shi ne, har da ɗuminsa.

Kunya ta kama ni, amma mamaki ya fi ta yawa. Abarci makiyayi ne, ba mahaukaci ba.

Kafin la'asar Hamdiya maƙwabciyarmu, wadda ta daɗe tana yi wa Abarci fari da ido a banza, ta kai wa Baba labari da gishirinsa.

"Sammu na, Baba! Haka suka kama ɗiyan mutane!"

"Kar in sake ganin shi ƙohwar gidana," in ji Baba.

Na yi kuka, sannan na kira shi.

"Abarci, mi na yi maka?"

"Nuri tawa... ba ke kika ce Dakoro ta gundure ki ba? Ko'ina dogon yaro, kamar Allah bai halicci wani icce ba?"

"To sai ka aiko mani da kashi?"

"Zuba mashi ruwa, sanyin idona. Ki ba ni kwana kaɗan."

Ya kashe waya. Ɗan rainin hankali!

Da na zubar, amma son sani bai bar ni ba. Na baza shi a bayan rumbu, na rufa da ƙasa, kullum ina satar ruwan wanke-wanke.

Sati bai cika biyu ba wurin ya yi kore. Ashe 'ya'yan itatuwan daji da awaki ke ci, sai sun ratsa cikinsu ɓawon ke laushi su tsiro.

Ina tsugune Baba ya kama ni.

Na jira faɗa. Sai shi ma ya tsuguna, yana taɓa ganyen da ɗan yatsa.

"Gawo... kandili... bagaruwa..." Ya tsaya kan wani tsiro. "Wagga magarya ta. Akwai irinta ƙohwar gidanmu a Birnin Lalle, ƙarƙashinta innata ka daka. Tun da na zo Dakoro ban zamna inuwarta ba."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Magaryar tawa ta. Sauran ku dasa ƙohwar gidanku."

"Gidanmu, Baba? Ni da wa?"

"Kin ji ni sarai. Ce mashi shi turo manyanshi."