Shayin da Maharazu Ya Ƙi Sha

Bushra ce ta kwashe kayan shayi daga zaure. Mahaifinta ya shanye nasa, Amir ɗan baffanta ma haka. Kofin Maharazu kuwa cike yake, ya huce, kumfar ta kwanta.



Kakannin Alhaji Mikail, mahaifinta, daga Gadamas, can ƙasar Larabawa, fatauci ya kawo su Kano. Larabcin ya daɗe da barin gidan, shayin bai bari ba. Kofi uku ake ba baƙo: na farko mai ɗaci, na biyu da na'a-na'a, na uku da soyayyar gyaɗa a ciki. Maigida ke dafawa da hannunsa. Wanda ya ƙi sha, gidan ya ƙi.

Maharazu mai shayi ne a Ƙofar Na'isa, yana da teburinsa na madara da burodi da ƙwai. Shekara biyu suna son juna da Bushra. Ranar ce aka fara ba shi izinin gaida Alhaji.

Alhaji ya shigo cikin gida bai dube ta ba, ya ce maganar yaron nan ta mutu. Amir, wanda ya daɗe yana son ta ita ba ta son sa, ya ƙara da cewa har yatsine fuska ya ga Maharazu ya yi. Mai sayar da ruwan madara, in ji shi, me ya sani game da shayi?

Ta kira Maharazu a waya.

"Me ya hana ka sha?"

"Haba Bushrata... in buɗe baki in sha abu a gaban wanda zai zama surukina? Da wane ido?"

Ya ce ƙamshin ya dame shi, ya danne. Mahaifinsa har ya rasu, surukinsa bai taɓa ganin ya kai ko ruwa baki ba. Shi girmamawa ya yi.

Kwana uku Bushra ba ta ci abin kirki ba. A na huɗu ta sami Alhaji yana fifita gawayi, ta durƙusa ta gaya masa dalilin. Ya ce al'adarsu tasu ce, zaure kuma nasa ne. Ta ce ba ta roƙi ya bar tasa ba, dama ɗaya take nema.

Ya ajiye mafici, ya dube ta.

"Juma'a bayan la'asar. In ya sake mayar mini da kofi, kada in ƙara jin sunansa."

Da ta gaya wa Maharazu, ya ce zai zo, amma bai san yadda zai yi ba.

"Ni dai ina bayan ƙofa," ta ce.

Ranar Juma'a tana leƙe ta jikin ƙyaure. Alhaji ya ɗaga buta sama, ya zuba, kumfa ta tashi, ya miƙa. Maharazu ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya yana kallon kofin. Amir ya fara murmushi.

Sai Maharazu ya ce a gafarce shi. Ya juya a kan tabarma, ya fuskanci bango, ya kurɓa.

"Baba, baya fa ya juya maka!" in ji Amir.

"Rufe mini baki. Ina jin kurɓarsa."

Na biyu ya wuce haka. Na uku ma, har ana jin Maharazu yana tauna gyaɗar. Yana fuskantar bango ya ce, cikin ladabi, wannan ganyen an wanke shi kafin a dafa, ruwan kuma ba na famfo ba ne.

Alhaji ya ajiye butar. Ya ce na rijiyar gida ne, kuma a duk masu zama zauren nan babu wanda ya taɓa ganewa. Ya dubi Amir sau ɗaya. Amir ya tashi ya nemi takalmansa.

"Ka turo manyanka ranar Lahadi," in ji Alhaji. "Amma su, su fuskance ni."

Bushra ta toshe baki da mayafinta, dariya da hawaye suka zo mata tare.