Gahawar da Nana Drane Ta Ƙi Sha

Ranar Lahadi, tara ga watan Nuwamba na shekarar 2014, da ƙarfe ɗaya da kwata na rana, waya ta yi ƙara a ɗakin da Tonin da matarsa Mrika ke haya a birnin Ankona na ƙasar Italiya, kusa da tashar jiragen ruwa. Dawowarsu ke nan daga coci, Mrika tana yanka burek, gurasarsu ta gargajiya mai cuku a ciki, da zafinsa a faranti.

Marash ne, yayan Tonin, daga ƙasar Girka inda yake aikin gini. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Nana ta faɗi a bakin rijiya, ƙugu ya karye. An yi mata aiki a asibitin birnin Shkodra, jibi za a sallame ta. Haɗa kayanka."

"Wayyo Allah! To Yaya, kwana nawa kake ganin zan yi?"

"Kwana nawa? Kai ne auta fa! Gidan naka ne, tsohuwar taka ce, kuma ni kake tambaya kwana nawa?"

A wajenmu, mutanen duwatsun arewacin Albaniya, autan maza shi ake kira ɗan tsufa. Yayye su fita su kafa gidajensu, shi ya zauna ya riƙe wutar murhu, ya kuma rufe idanun iyaye in ranar ta zo. Tun da mahaifinsu Ndoc ya rasu, uwarsu Nana Drane ita kaɗai ce a gidan, kuma ba ta taɓa yafe wa Mrika ba. A ganinta, ita ce ta ja mata auta zuwa ƙetaren teku.

Tonin ya ajiye wayar ya zauna. Shi mai walda ne a wurin ƙera jiragen ruwa, Mrika kuwa nas ce a asibiti, kowa da takardar zamansa ta aiki wadda ake sabuntawa. Ƙa'idar kuwa kowane baƙo ya haddace ta: in ka cika shekara biyar kana aiki, ba ka bar Italiya fiye da wata shida a jere ba, ka ci jarrabawar harshe, sai a ba ka takardar zama ta dindindin, ka huta da fargaba. In ka karya, lissafi ya koma farko. Tonin saura masa wata bakwai. Mrika ta zo bayansa, ita da sauran shekara ɗaya da rabi.

"Zan tafi," in ji Tonin. "Gobe zan gaya wa shugaban aiki."

"Ka san ba za su riƙe maka gurbi ba. Kwantiraginka ya tafi, takarda ta bi shi."

"To me zan yi, Mrika? Uwata ce!"

"Na ce ba uwarka ba ce? Amma gaya mini, ka iya juya mai karayar ƙugu a kan gado? Ka iya yi mata wanka? Walda za ka yi mata?"

Duk da halin da yake ciki sai da ya ɗan murmusa. Ta zauna kusa da shi ta riƙe hannunsa, hannun da tartsatsi ya gama ƙonawa.

"Ni zan tafi. Kai ka zauna ka cika naka. In ka samu, sai ka ɗauke mu, ni da ita."

"Shekarunki uku da rabi fa? Duk darajar aikinki? Kuma kin san ba ta ƙaunarki!"

"Na sani," in ji Mrika, hawaye na zubo mata. "Ɗaya daga cikinmu dole ya yi asara. Tawa ta fi sauƙi."

Burek ɗin nan ya huce a faranti, ba wanda ya taɓa shi.

Da Mrika ta isa ƙauye, ta sami tsohuwar kwance a ɗakin murhu. Nana Drane ta ɗaga kai ta dubi bayan Mrika, ta jira. Ba kowa.

"Ɗana na kira. Wa ya aiko mini 'yar Italiya?"

"Nana, yana gaishe ki. Aiki ne ya..."

"Aiki! Ubansa ma ya yi aiki, bai bar uwarsa ga bare ba."

Mrika ta ajiye kayanta. Ta hura wuta, ta dafa gahawa, ta kawo a ƙaramin kofi, ta tsaya da hannu a ƙirji kamar yadda suruka ke yi a gaban uwar miji. A gidajenmu, in uwar miji ta sha gahawar surukarta, ta karɓe ta ke nan. Nana Drane ta sa yatsa ɗaya ta ture kofin.

Haka aka yi washegari. Haka aka yi duk hunturun nan. Ta yarda a juya ta, a yi mata wanka, a shafa mata mai a gadon baya don kada ya yi gyambo, domin wannan ba ta da yadda za ta yi. Ta ci gurasar masara da wake daga hannun Mrika. Gahawa kuwa a'a. Kowace safiya a kawo, kowace safiya ta huce. Mrika ta zubar a gindin itacen inabi, ta wanke kofin, ta mayar da shi wurinsa.

Ita ke saran itace, ita ke tatsar akuya. Bayan Kirsimeti ta fara tayar da tsohuwar tsaye, tana riƙe da bayan kujera.

"Za ki kashe ni, muguwa!"

"Taku ɗaya kawai, Nana. In kin yi, ki zage ni son ranki."

"Zan zage ki ko ban yi ba!"

Ta yi zagin, ta kuma taka. Kafin dusar ƙanƙara ta narke tana kaiwa bakin ƙofa da sanda. In Tonin ya kira ya tambaya, Mrika takan ce lafiya lau, Nana na samun sauƙi. Zancen kofi ba ta taɓa kai masa ba.

Ranar Ista Marash ya zo daga Girka. Bayan an ci rago, maƙwabta sun cika ɗakin, ya sha giya ya ji daɗin kansa, sai ya kira Tonin ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Ga dattawan ƙauye nan, ka gaishe su in kana da fuska. An ce ɗan Ndoc ya aiko mace ta tsare masa gida, shi yana can yana gadin takarda! Ko sai an kira ka jana'iza?"

Can sai muryar Tonin ta fito daga wayar.

"Ya isa, Yaya. Talata zan ajiye aikin, in shigo jirgi."

Mrika tana tsaye bakin ƙofa da tiren gahawa a hannu. Wata biyu kacal ya rage masa. Nata wata shidan kuwa ya kusa cika, kuma asibiti sun riga sun ba wata gurbinta. In ya taho, su biyun sun tashi a banza. Amma suruka ba ta magana a gaban maza a ɗakin baƙi, sai ta cije leɓe.

"Ba ni wayar nan," in ji Nana Drane.

"Nana, maganar maza ce," in ji Marash.

"Ni na haifi mazan. Ba ni!"

Ta karɓa ta riƙe ta nesa da fuska, yadda tsofaffi ke yi.

"Tonin, kana jina? In ka sa ƙafa a jirgin nan, ba ka sha nonona ba. Zauna ka gama abin da ka fara."

"Nana, ni ne ɗan tsufanki..."

"Ɗan tsufana yana nan tare da ni tun kaka. Shi ya ɗaga ni, shi ya wanke mini abin da ko kai ba zan bari ka gani ba. Na yi ta ture shi, bai tafi ba." Ta juya ga Marash. "Kai kuma da ka zo da baki cike da al'ada, sau nawa ka ɗebo mini ruwa? Girka ta fi Italiya nisa ne?"

Wani tsoho ya yi tari don ya ɓoye dariya. Marash ya sunkuyar da kai.

Sannan ta miƙa hannu wajen ƙofa. "'Yata, kawo."

Mrika ta matso. Tsohuwar ta ɗauki kofi, ta kurɓa a hankali a gaban kowa, har ta kai ƙasa.

"Sukari ya yi yawa," in ji ta. "Gobe ki rage."

Mrika ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta tana kuka, Tonin ma yana nasa daga can ƙetaren teku.

Ya cika shekarunsa a watan Yuni, takardar ta fito da kaka. Ya nema wa matarsa da uwarsa izinin zama a matsayin iyalinsa, aka ba su bayan dogon jira. Mrika ta koma aikin jinya, ta fara nata lissafin daga farko, ba ta taɓa yi masa gori ba.

Ku yara masu tasowa, ku riƙe wannan. Al'ada ta ce auta ya kula da uwa, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da take nufi kada a bar tsohuwa ita kaɗai. Wanda ya yi aikin shi ya cika ta, ba wanda ya fi ɗaga murya ba. Haƙurin da ba ya gori kuwa, ko an daɗe ana ture shi, wata rana za a miƙo masa hannu.

Ga waɗanda suka rage. Nana Drane ta yi hunturu biyu a Ankona tana ƙorafin cewa ruwan Italiya ba ya gahawa. Ta rasu a hannun Mrika, aka mayar da ita ƙauye aka binne ta kusa da Ndoc. Marash yana Girka, yakan kira ranar Ista, a takaice. Tonin yana nan yana walda, gashinsa ya fara fari. Mrika ta samu tata takardar. Suna da 'ya ɗaya, sunanta Drane. Gidan ƙauye a rufe yake, sai watan Agusta in sun je su hura wuta. Itacen inabin yana nan. Kofin kuma yana Ankona, a kan kanta, ba mai sha da shi.