Nauyin Kwanon Baba

Kowace Lahadi da hantsi Tsarau, injin tsara harkokin gida, yake zana mako. Allon gilashin da ke bangon kicin ɗin Injiniya Hansatu ya kawo haske, kwanaki bakwai suka jeru, ya shiga cike gurabe ɗaya bayan ɗaya. Litinin shinkafa da wake, wanki ƙarfe goma. Talata tuwon masara da miyar kuɓewa, guga bayan la'asar. Laraba cefane, saboda ranar ce tumatir yake araha a gonakin da ake nomawa a saman benaye. Ya leƙa firji da idonsa na lantarki, ya ga albasa ta kusa ƙarewa, ya aika a kawo. Ya raba kuɗin wata gida huɗu, ya ware na wannan makon. Duka-duka aikin bai kai daƙiƙa tara ba.

Hansatu ce ta ƙera shi. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana fama, kuma a Zariyar shekarar 2094 da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da shi a biyu ba. Ba girki kaɗai yake tsarawa ba. Tun da ruwa ya yi ƙaranci, kowane gida awa biyu yake samu a rana, kuma sai matar gida ta ɗora yatsa a kan famfo kafin ya buɗe. Tsarau ne yake kama wa gida lokacinsa. Shi ne kuma yake tura kurciya, wato ɗan ƙaramin jirgin aike mai fukafukai huɗu, ta kai saƙo ta dawo. Mata sun yi ta sa wa Hansatu albarka, har lambar yabo aka ba ta.

Amma ita ba makon nata take kallo ba. Idonta yana kusurwar allon, inda wasu layuka biyu suke, ɗaya kore ɗaya ja.

Mahaifinsu, Malam Tanimu, tsohon tela ne. Tun da mahaifiyarsu ta rasu ya ƙi barin gidansa na ƙasa a cikin ganuwa, ya ce shi ba tsuntsu ba ne da zai kwana a hawa na sittin. Sai 'ya'yansa biyu suka raba kwanonsa. Hansatu tana da Litinin, Laraba da Juma'a, ƙanwarta Larai tana da Talata, Alhamis da Asabar. A gindin kowane kwano akwai ma'auni, don Tsarau ya san abin da aka ci ya daidaita girkin gaba. Hansatu ce ta ba Larai nata Tsaran kyauta, kuma da yake mabuɗin injiniya yana hannunta, tana ganin lissafin gidajen biyu, koren layi nata, jan na Larai. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Nata kwanon kullum da rabin abinci yake dawowa. Na Larai kuwa fes, kamar an wanke.

Wannan abu ya tsaya mata a rai, ya hana ta sakat. Larai fa! Larai da ta gama sakandare da ƙyar, mai 'ya'ya biyar da gida kamar tashar mota, wadda take shanya tsumman goge tukunya a kan allon Tsarau. Ba ta auna gishiri, da ido take zubawa. A ce abincin wannan ne Baba yake sharewa tas?

Kuma ba yau aka fara ba. Hansatu 'yar fari ce, Baba kuwa mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "Injiniya", kafin nan kuma "ke". Ranar da ta kai masa lambar yabonta, ya juya ta sau biyu a hannu ya ce, "To, madalla," sai ya tambaya ko tarin ɗan Larai ya yi sauƙi. Larai kuwa ita ce Auta, da ita ake wasa da dariya da tsokana. Hansatu ta san al'ada ce, ta sha bayyana wa abokan aikinta haka da bakinta. Sanin bai rage mata ciwon komai ba. Shekararta arba'in da shida, amma kishin ƙanwarta take yi kamar yarinyar da aka hana alewa.

Da farko ta bi ta hanyar ilmi. Ta kwafi girkin Larai kaf, daga yawan daddawa har minti nawa miyar kuka take yi a wuta. Ta ɗora da hannunta, ta ɗanɗana, ta ji ba laifi, ta ba kurciya. Da yamma kwano ya dawo da rabi. Ta sake, ta ƙara man shanu. Rabi. Mako uku ta yi tana cin tuwon da ba ta so, har mijinta ya fara tambaya ko Tsarau ya lalace ne.

Sai ta koma ta duba makon Larai gaba ɗaya, a nan ta ga abin. Talata, Alhamis da Asabar, daga sha biyu zuwa uku, babu komai a jadawalin. Kurciyar gidan kuwa ba ta taɓa tashi ba. Ashe Larai ɗaukar kwanon take yi da kanta ta hau jirgin ƙasan cikin ganuwa, wanda sau ɗaya yake zuwa da rana ya dawo.

"Wato zuwa take yi ta cika shi da surutu har ya cinye," Hansatu ta faɗa a fili, ita kaɗai a kicin. "Ba girki ba ne, daɗin baki ne."

Ta gaya wa kanta gwaji za ta yi, irin na masu bincike: a daidaita komai, a ga wanda ya fi. Ta buɗe mabuɗin injiniya, ta ja lokacin ruwan gidan Larai daga takwas na safe ta ajiye shi ƙarfe ɗaya na rana, ta kulle. Aikin bai fi motsa yatsa ba.

Washegari Larai ta kira ta, ana jin ihun yara a bayanta.

"Yaya, ina wuni? Don Allah na'urar nan taki ta haukace. Ta mayar min da ruwa ƙarfe ɗaya."

"Daga rabon ruwan birni ne, ba daga Tsarau ba. Unguwarku aka sauya wa layi."

"To ai lokacin nake kai wa Baba abinci."

"Kurciyar da na ba ki fa, ado ce? Ki tura mana. Ni ba da ita nake turawa ba?"

Larai ta sassauta murya.

"Yaya, ba za ki iya yi min magana da su ba? Ke ai ana jin maganarki."

"Zan duba," in ji Hansatu.

Larai ba ta da zaɓi. Mijinta yana wurin aiki, kuma gida mai yara biyar ba ya kwana babu ruwa. Ta fara turawa.

Talatar farko kwanon Larai ya dawo da rabi. Hansatu ta tsaya gaban allo tana murmushi, ta ji wani sanyi ya ratsa ta. Ranar har tsire ta saya wa 'yan ofis, suka yi ta tambaya ko ƙarin girma aka yi mata. A mako na uku kwanukan biyu suka fara dawowa da kashi uku cikin huɗu. Tsarau ya rubuto mata: "Mai cin wannan kwano ya rage ci ƙwarai. A duba lafiyarsa?" Ta danna "Daga baya". Ita dai abin da take dubawa shi ne ko layin kore da ja sun yi kai ɗaya, kuma sun yi.

A mako na biyar, ranar Alhamis bayan azahar, wani maƙwabci ya tarar da Malam Tanimu kwance a zaure, ya yanke jiki ya faɗi.

Hansatu ta iske Larai a barandar asibiti, mayafinta a karkace, idanunta sun kumbura. Tana ganin yayarta ta riƙe mata hannu.

"Laifina ne, Yaya. Ki yafe min, na ɓoye miki abu. Shekara biyu ke nan hannun Baba yana karkarwa. Kafin loma ta kai baki rabi ya zube. Ni nake ba shi a baki. Ranakunki yana lallaɓawa da kansa ya ci abin da ya samu, ranakuna sai in ɗura masa ya rama."

Hansatu ta ce, "Me ya hana ki gaya min?"

"Rantsar da ni ya yi. Ya ce yaya za a yi 'yarsa ta fari ta gan shi ana ba shi abinci kamar jariri? Ya ce ke kina ɗauke da gari guda a kanki, kada a ƙara miki. Da ruwan nan ya sauya, kullum in na kira shi sai ya ce, 'Ina ci, Auta.' Lahadi in na je in ga ya rame, ya ce zafi ne. Ni da ba na ganin kwanon sai yara sun juye sun wanke, ina zan sani? Da akwai mai gani ai da an tare abin."

Hansatu ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, gajera ce, ba ta fi kalma biyar ba. Kafin ta fito, likita ya leƙo ya ce su shigo.

Baba yana kwance, ya ƙanƙance a cikin farin zanen gado. Idonsa biyu. Ya dubi Larai, ya dubi Hansatu, sai ya kawar da kai gefe kamar yadda ya saba. Wani siririn bututu ya bi ta hancinsa, ɗaya bakin yana jikin wata farar na'ura a gefen gado.

Likitan ya yi musu bayani a hankali. Jikin ya daɗe ba ya samun abinci, shi ya jawo faɗuwar, faɗuwar kuma ta taɓa jijiyar haɗiya. Zai rayu, in Allah ya yarda, amma ba zai ƙara cin abinci ta baki ba. Sai ya dubi Hansatu da kyau, fuskarsa ta washe.

"Ashe ke ce Injiniya Hansatu. To ki kwantar da hankalinki, ranki ya daɗe. Na'urar ciyarwar nan da ƙwaƙwalwar Tsarau take aiki. Ita za ta tsara masa abincin mako, safe, rana da yamma, ko ɗigo ba zai salwanta ba."

Na'urar ta yi ɗan ƙara, wani ruwa mai kalar kunu ya fara tafiya a cikin bututun. Su uku suka tsaya suna kallonsa har ya shige.

Larai ta share hawaye da bakin mayafi, ta jingina kanta a kafaɗar yayarta.

"Alhamdu lillahi da ya zama taki ce, Yaya," ta ce. "Ko ba komai, yanzu kullum daga hannunki yake ci."