Kiran Mujiya Na Uku

Su biyar suka fita kallon tsuntsaye, magariba ta riske su a bakin kurmi suna dakon mujiya. Jagoransu, wani tsohon maharbi, ya ce wa Likita, wanda ke riƙe da 'yar lasifika da aka naɗi kukan mujiya a ciki, "Kunna kukanta sau biyu kawai. In ba ta amsa ba, mu kama hanya."

Likita ya kunna sau biyu, shiru. Taurin kai ya motsa. Ya ce wa ƙanwarsa, "Auta, haska min nan," ya yi ɗan tari, ya kunna na uku.

Kurmin ya yi tsit, sai wani ƙarni kamar na mayanka. Wani abu ya faɗo daga sama, ya kafa farata a kafaɗun Likita, ya sure shi kamar ɗan tsako. Auta ta ji ƙarar karyewar ƙashi, jini mai ɗumi ya fantsamo mata a fuska. Takalminsa ɗaya ya faɗo gabanta, da ƙafar a ciki.

Suka ranta a na kare, maharbin yana jan ta.

"Auta, haska min nan," in ji muryar yayanta daga duhu, sai ɗan tari.

Ta fizge hannunta ta koma. "Yaya, kana ina?"

"Auta, haska min nan." Sai ɗan tari.

Tana tsakiyar kurmin ta lura ba abin da ya canza a muryar, ko numfashi. Daidai saman kanta, aka kunna na uku.