Mai Gadin da Ke Waƙa a Al-Sadd

Haulat na soya doya a kicin ɗinsu na Al Wukair ta ji Abbanta ya kira ta daga falo, da wata murya da ba ta saba ji ba.

Malam Ɗalhatu shugaban direbobi ne a wani kamfani, shekararsa ashirin a Doha. Ya miƙo mata wayarsa. Wani guntun bidiyo ne na Sagiru, mai gadin asibitin da take aikin jinya a Al-Sadd, wanda aka riga aka karɓi gaisuwarsa ta neman aurenta. Ya juya hula baya, yana waƙa kan kiɗan hip-hop. Gwaggo Maimunat ce ta turo daga Kano, tana kuka tana cewa irin waɗannan mawaƙa ne suka gama da tarbiyyar yara.

"Abba, ka saurari waƙar har ƙarshe?"

"Ba zan ɓata kunnena ba. Khalas, wannan magana ta mutu."

Bai tsaya nan ba. A zauren WhatsApp na Hausawan Doha ya yi dogon gargaɗi, mutane suka yi caa, kafin la'asar an cire Sagiru daga zauren. Waɗanda ke zuwa masallaci tare da shi suka fara kau da kai.

Haulat ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Washegari a bakin get ɗin asibiti ta ce wa Sagiru, "Please Sagiru, ka goge waƙoƙin nan mu huta."

"Idan na goge, na amsa laifin da ban yi ba ke nan," ya ce a hankali. "Amma ba zan ja da Abba ba. Kada ki saɓa masa, Haulat. Mu jira."

Suka jira wata huɗu, ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa.

Wata safiyar Asabar Malam Ɗalhatu ya je kasuwar Abu Hamour sayen kayan miya. Zai dawo ya haɗu da tsohon amininsa Abdul-Samed, mutumin Zangon Kumasi, ya rage masa hanya. A motar wata waƙa ke tashi, kan direban da ya bar gida yana saurayi, aka binne mahaifiyarsa yana riƙe da sitiyari a ƙasar wasu. Malam Ɗalhatu ya saurara har ƙarshe. Haka ta faru da shi, bai kuma taɓa gaya wa kowa zafin abin ba. Ya share ido da hannun riga.

"Wane bawan Allah ne ya yi wannan?"

"Yaron da ka sa aka kora ne, Malam. Duk ɗakunan leburori ita ake ji. Ɗana ma saboda ita ya koma kiran uwarsa."

Maimakon gida, Al-Sadd Malam Ɗalhatu ya ce a kai shi. Ya tarar da Sagiru cikin kaki yana tura keken wata tsohuwa zuwa ƙofar asibiti. Da Sagiru ya hango shi ya rusuna.

"Tashi, ɗana. Me ya hana ka kare kanka?"

"Uba ne ya yi magana, Abba."

A ranar, a zauren da ya ɓata shi, Malam Ɗalhatu ya nemi gafararsa da muryarsa, ya ce shi ya yi gaggawa. Aka mayar da Sagiru zauren. Bayan Sallah aka ɗaura aure, direbobi da masu gadi, ’yan Najeriya da ’yan Gana, suka cika zauren biki har waje. Ango ya karɓi makirfo, surukinsa na zaune a sahun gaba yana gyaɗa kai, Haulat kuwa murmushi ya ƙi barin fuskarta.

Iyaye, ku saurara kafin ku yanke hukunci, domin ba kowane sabon sauti ne ɓarna ba. Ku kuma matasa, ku riƙe gaskiyarku tare da ladabi. Wanda ya haɗa biyun nan, Allah ba ya barin sa ya kunyata.