Zuciyar da Ba a San Asalinta Ba

"Wai zuciyar waye a ƙirjin nan naki?"

Saura kaɗan farantin ya suɓuce daga hannun Kayal. Kofi ta kawo wa baƙi, kamar kowace budurwa a garin Madurai na Indiya ranar da dangin miji suka zo ganin amarya, ga shi tun ba a kurɓa ba an fara yi mata tambayar kotu.

Sundari ce ta yi tambayar, mahaifiyar Maran, saurayin Kayal. A gefenta Tamarai ce, 'yar ƙaninta, wadda tun tana goye ake ce mata matar Maran. Ta sunkuyar da kai, sai ka rantse ba ita ta kai gulmar ba.

"Tawa ce, Attai," in ji Kayal, da sunan da ake kiran suruka. "Shekara uku ke nan da aka dasa mini."

"Kafin ta zama taki fa? Wane gida? Wane jati, na manya ko na ƙasa? Mu ba ma haɗa zuri'a da wanda ba mu san asalinsa ba."

"Asibiti ba sa faɗa. Doka ta hana."

Tamarai ta ɗago, murya a sanyaye. "Ni dai na ji an ce ta wani mai sharar titi ce da mota ta buge... amma ƙila ƙarya ne."

Ƙila ƙarya ne! Ta gama kunna wutar, ta koma tana gyara furen gashinta.

Kayal ta dubi Maran. Shi ne fa mutumin da ya haddace magungunanta tara da lokutansu tun farkon zuwanta kantin maganin da yake aiki, shi ne mai kiranta kullum ya ji ko ta sha. Yau ga shi ya kafa wa tabarma ido, ko tari ya kasa yi.

Sundari ta miƙe. "A kawo mini sunan mai ita, ko a bar maganar."

Ko kofin ba ta taɓa ba.

Ranar Asabar Maran ya sami Kayal tana fitowa daga zaman da take yi da masu jiran dashe, inda take ƙarfafa musu gwiwa.

"Kayal tawa, tsaya mana..."

"Au, ashe kana magana?"

"Na je asibitin. Na roƙe su har na gaji, sun ƙi."

"Ka je? Kai ma so kake ka sani ke nan!"

"Wallahi ni ban damu ba! Mama nake so ta huce." Ya rage murya. "Ki ji, akwai dabara. Ki ce wata ma'aikaciya ta raɗa miki cewa ɗan jatinmu ne. Wa zai bincika? Magana ɗaya ce, masoyiyata, shi ke nan a sa rana."

Ta juyo ta fuskance shi.

"Maran, ba ka san ni ba lokacin. Shekara biyu a zaune nake barci, in na kwanta numfashi ya ɗauke. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Sai wata uwa, wadda ban san ko sunanta ba, ɗanta na kwance jikinsa da ɗumi, aka miƙa mata takarda ta sa hannu. Ta tambayi jatina?"

Ya kawar da kai.

"Na ce ta tambaya?"

"A'a..."

"To ni ce zan canza wa ɗanta asali don ya dace da falonku? In mai shara ne, to mai shara ne yake riƙe da raina! Je ka auri Tamarai, tata an san kakanninta."

Ta tare keke mai ƙafa uku ta shige. Ba ta bar hawayen sun zubo ba sai da suka sha kwana.

Mako uku ba ta ɗaga wayarsa ba. Tana sonsa, nan ne abin haushin. Mahaifinta ma ya bi sahu, wai ƙaryar da za ta gina gida ai ba laifi ba ce. Kowa dai so yake ta rayu, amma ba wanda yake son a ambaci wanda ya ba ta rayuwar.

Da Maran ya gaji da kira sai ya zo da kansa, a rame. Ya miƙa mata wani ɗan kati. Sunansa ne a jiki, da alkawarin in ya mutu a ba mabuƙata sassan jikinsa.

"Na ajiye wa Mama shi a gabanta," ya ce. "Ta ɗora hannu a ka, wai zuciyar ɗanta a ƙirjin kowane kare da doki? Na ce mata, in wata ta samu tawa, kina so ta riƙa ɓoye ni don kunya? Tun ranar ba ta kula ni ba."

"Ƙaryar fa?"

"Ban yi ba. Ba kuma zan sake roƙonki ki yi ba. Ki yafe mini, Kayal. Tsoro na ji ranar nan."

"Matsoraci kawai," ta ce, tana kuka tana dukan kafaɗarsa. "Sai da ka bari na rame!"

Aka ɗaura aure ba Sundari. Da aka zo cin abinci, aka shimfiɗa ganyen ayaba a jere, Kayal ta sa aka zuba shinkafa da miya a kan ganyen da ke kusa da ita, ta ce kada kowa ya zauna a wurin.

An fara ci sai wurin ya yi tsit. Sundari ce a bakin ƙofa, fuska ba annuri. Ta duba dama ta duba hagu, babu gurbi sai wannan. Ta nufo shi.

Maran ya yi wa Kayal ido, alamar ta rufa asiri ta yi shiru. Ina!

"Attai, kafin ki zauna. Wannan wurin na mahaifiyar mai zuciyata ne. Ban san sunanta ba, ban san jatinta ba."

Sundari ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallon ganyen, dangi kuma suna kallonta.

"Shekararsa nawa?" ta tambaya can ƙasa.

"Matashi ne, mahaifiyarsa ce ta sa hannu. Iyakar abin da aka faɗa mini ke nan."

Matar ta juya ta dubi ɗanta, ta daɗe. Sai ta tattara gefen sarinta, ta zauna a gaban ganyen.

"Ba ta samu ta ci na auren nata ɗan ba," ta ce. "Bari in ci mata."