Mil Goma Kawai

A garin San Pedro, a bakin gonar rake, akwai filin da yara ke wasan besbol, inda ɗaya ke jifan ƙwallo, ɗaya kuma ya doke ta da sanda. Cikinsu akwai wani yaro mai jifa. In ya saki ƙwallo, gudunta yakan kai mil saba'in a awa. Yayansa ne ya koya masa kafin ya rasu bara. Tun daga nan, bango ne ke dawo masa da ƙwallo.

Wata rana kocinsu, Don Eladio, ya nuna masa jifan yaudara, wanda suke kira kambiyo.

"Tura ƙwallon can cikin tafinka. Hannu ya tafi da saurinsa na kullum, ita kuma ta rage mil goma. Goma kawai, ka ji?"

"Na ji, Koci."

Amma a ransa ya ce, in goma na ruɗa mutum, ai talatin sai ta kayar da shi.

Ranar Asabar aka yi gwaji. Mai jifa ɗaya za a ɗauka zuwa gasar Santo Domingo. Fausto, ƙaton ajinsu, ya riƙe sanda. Yaron ya sassauta hannu, ya lallaɓo ƙwallon. Ta taho a hankali kamar busasshen ganye. Fausto ya gane tun daga motsin kafaɗar yaron. Ya jira ta, ya zabga mata sanda, ta faɗa cikin rake.

"Kai, ai kakata ta fi ka jifa!" in ji Fausto. "Har na yi gyangyaɗi kafin ta iso!"

Yara suka kwashe da dariya. Don Eladio ya duba na'urar auna gudu.

"Arba'in. Nawa na ce ka rage?"

"Goma, Koci."

"Kai kuma ka yi mini ƙari. Ɗana, in ta cika sanyi, mai sanda zai gani ya gyara tsayuwa. Saura gwaji ɗaya, ranar Laraba."

A gida ya tarar da mamarsa tana soya ayaba. Ya gaya mata komai.

"Ci abinci tukuna," ta ce. "Mutumin da ya ce goma, ya daɗe yana ƙirgawa."

Kwana uku yana gyara riƙo, bai ƙara taɓa saurin hannunsa ba.

Ran Laraba ya fara da zazzafan jifa. Sannan ya sake ɗaga hannu da sauri iri ɗaya. Fausto ya kai duka, ya juya har hularsa ta faɗi. Sai a lokacin ƙwallon ta iso.

"Sittin," in ji Don Eladio, yana rubuta sunan yaron don zuwa gasar. "Ka ce wa mamarka ta wanke maka riga."

Yaron ya koyi darasi: in malami ya ba ka ma'auni, ka tsaya a kansa. Wuce iyaka ba gwaninta ba ce.